Shekara Biyu Ko Saba'in? Yadda Alkawari Ke Cika A Littafi Mai Tsarki



A daren 31 ga Disamba na kowace shekara majami'u kan cika maƙil ana jiran shekara ta juya, kuma kafin gari ya waye wayoyinmu sun cika da jerin abubuwan da aka ce Allah ya nuna wa wane da wane: wanda zai ci zaɓe, babban mutumin da zai rasu, watan da farashi zai sauka, ranar da mai neman aiki zai karɓi takarda. Abin bai tsaya a coci ba, domin a unguwanninmu ma akwai malamin da ake zuwa wurinsa ya yanka wa buƙata rana. Abin da ba mu saba yi ba shi ne mu adana jerin nan, mu ɗauko shi bayan wata goma sha biyu mu duba. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A wannan harka kam uwar ɗiya ba ta jin kunya, sabon jeri take fitarwa.

Tunda masu wannan aiki a ɓangarenmu na Kirista da Littafi Mai Tsarki suke kafa hujja, ya dace a tambayi littafin da kansa abin da yake nufi idan ya ce alkawarin Allah ya cika. Na san mafi yawan masu bibiyar wannan shafi Musulmi ne, kuma ba na neman kowa ya bar aƙidarsa kafin ya karanta. Labarin da zan kawo tarihi ne da ake iya bin sawunsa da shekaru da sunaye, har da wasu allunan yumɓu da aka tono daga ƙasar Iraƙi, kuma gardamar da ke cikinsa kowa zai gane ta.

A watan Maris na shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima, babban birnin ƙaramar ƙasar Yahuza. Mun san watan ne saboda magatakardan Babila sun rubuta shi a kan wani allon yumɓu da yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Bai rushe birnin a wannan karon ba. Ya ɗauke sarkinsu Yehoyakin, matashi ɗan shekara 18 da bai wuce wata uku a kan gado ba, tare da mahaifiyarsa da fadawa da mayaƙa da maƙera da masu sana'ar hannu, ya kwashe wasu kayan Haikali, sa'an nan ya naɗa baffan yaron, Zadakiya, ya riƙe masa ƙasar. Wato ya kwashe kan al'umma da hannayenta, ya bar gangar jiki. Tafiya ce ta watanni. Ezra, da ya bi wannan hanya daga baya yana komowa, wata huɗu ya yi.

Shekara uku zuwa huɗu bayan haka, jakadun Edom da Mowab da Ammon da Taya da Sidon suka hallara a Urushalima, kuma alamu sun nuna tawaye ake ƙullawa. A wannan yanayi ne Annabi Irmiya ya sassaƙa karkiya irin wadda ake ɗora wa shanun noma, ya rataya a wuyansa, yana yawo da ita cikin gari. Saƙonsa ba mai daɗi ba ne: ku sunkuyar da kai ga Babila ku rayu, domin wannan hukunci ne kuma lokacinsa bai ƙare ba. Duk wanda ya san zuciyar mutanen da aka ci da yaƙi ya san yadda za a kalli mai irin wannan magana. Sun ɗauke shi ɗan kanzagin abokan gaba.

Sai ga wani annabi, Hananiya mutumin Gibeyon, ya tashi a harabar Haikali gaban firistoci da taron jama'a, ya yi magana da sunan Allah ɗaya da Irmiya ke ambata, da salo iri ɗaya. Ya ce an karya ikon Babila, kuma cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali da sarki Yehoyakin da dukan waɗanda aka kwashe. Mu tuna cewa a cikin taron nan akwai matar da aka tafi da mijinta, da tsohon da aka tafi da ɗansa. Da ina tsaye a wurin, na san inda zuciyata za ta karkata.

Abin da ya fi burge ni a babi na 28 na littafin Irmiya shi ne yadda ya amsa. Bai tsine wa mutumin ba. Ya fara da cewa amin, shi ma fatansa ke nan, Allah ya sa hakan ta tabbata. Sa'an nan ya tunatar da jama'a cewa annabawan da suka gabata galibi gargaɗin yaƙi da annoba suka kawo, don haka wanda ya zo da albishir na zaman lafiya, ba a shaida shi sai maganarsa ta tabbata. Hananiya ya miƙa hannu ya fizge karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. A idon taron, gardama ta ƙare, an ga wanda ya ci. Irmiya ya juya ya yi tafiyarsa bai ce uffan ba. Sai daga baya ya dawo da amsa, cewa an karya karkiyar itace, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta, kuma laifin Hananiya shi ne ya sa mutane sun dogara ga ƙarya. Wannan arangama a wata na biyar aka yi ta. A wata na bakwai na wannan shekara Hananiya ya mutu.

Ni a ganina ba dole ne Hananiya ya kasance ɗan damfara ba. Mai yiwuwa ya gaskata abin da yake faɗa. Yana da abin kafa hujja ma, domin kimanin shekara ɗari kafin nan rundunar Assuriya ta kewaye Urushalima ta koma ba ta ci ta ba, kuma mutane sun ɗauki darasin cewa birnin ba ya faɗuwa. Ya ɗauki alkawari na gaskiya, cewa Allah ba zai yar da mutanensa ba, ya gutsure masa lokaci, ya cire masa sharaɗin tuba, ya miƙa wa jama'a a yadda suke so. Yawancin ƙaryar da ake yi da sunan Allah haka take, gaskiya ce da aka rage wa tsawo.

A can Babila ma akwai masu irin wannan albishir, shi ya sa Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwashe wasiƙa, ya ba jakadun sarki Zadakiya biyu suka kai. Ita ce babi na 29. Ya umarce su su gina gidaje su zauna, su dasa itatuwa su ci 'ya'yansu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, kada yawansu ya ragu. Ya ƙara da abin da ya fi kowanne ɗaci, wato su nemi alherin birnin da ya cinye su, su yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu na ɗaure da nasa. Komowa kuwa tana nan tafe, amma sai Babila ta cika shekara saba'in.

Mai karatu, tsaya ka yi lissafi. Maƙeri ɗan shekara talatin da ya ji an karanta wannan wasiƙa ya san abin da aka gaya masa: a nan za a binne shi. Alkawarin nasa ne a matsayinsa na ɗan al'umma, amma ƙafar jikansa ce za ta taka shi. A cikin wannan wasiƙa, a aya ta 11, ake samun maganar nan da ta shahara, wadda ke cewa nufin Allah a kan mutanensa na alheri ne kuma akwai makoma a gabansu. Ana manna ta a bayan mota, ana buga ta a katin bikin kammala karatu, ana karanta wa mai neman biza. Ba laifi ba ne mutum ya sami ƙarfin zuciya daga gare ta. Sai dai da jam'i aka yi maganar, ga al'umma guda, kuma ayar da take gabanta kai tsaye ita ce mai shekara saba'in. Wanda ya yanke ta daga can ya ce wa mutum a bana za ka gani, da bakin Irmiya ya yi wa'azin Hananiya.

Wasiƙar ba ta sami karɓuwa nan take ba. Wani mai suna Shemaiya ya rubuto daga Babila zuwa ga firist mai kula da Haikali yana tambayar dalilin da ya sa ba a sa wannan mahaukaci a turu ba, tunda yana cewa zaman zai daɗe. Amma lokaci ya bi bayan Irmiya. Zadakiya ya yi tawayen da aka hana shi, Babila ta dawo, kuma a shekara ta 587 ko 586 aka ƙone birnin da Haikalin, aka yanka 'ya'yan sarkin a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu. Shekara biyun Hananiya ta ƙare ne da toka.

A tsakiyar wannan kewaye na ƙarshe Irmiya ya yi wani abin da nake ganin ya fi dogon wa'azi bayyana yadda littafin ke kallon alkawari. Yana tsare a gidan waƙafi, sojojin Babila na bakin ganuwa, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallar gona a ƙauyensu Anatot, wurin da a lokacin nan yana hannun abokan gaba. Ya saya. Ya auna shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, ya ba magatakardansa Baruk ya ce a sa ta a cikin tulun yumɓu don ta daɗe. Mutumin da ya shekara kusan arba'in yana cewa birnin zai faɗi, shi ne ya zuba kuɗinsa a ƙasar ranar da kowa ke neman mai saye, don ya shaida cewa za a sāke cinikin gonaki a wurin. Bai taɓa noma gonar ba. Bayan faɗuwar birnin wasu suka tafi da shi Masar a kan dole, kuma daga nan labarinsa ya yanke.

Shin mutanen Babila sun bi shawararsa? Ƙasa ta ajiye mana amsa. Akwai allunan yumɓu kimanin 200 da masana suka wallafa da yawa daga cikinsu a 2014, waɗanda suka fito daga wani ƙauye da ake kira Al-Yahudu, wato Garin Yahuza, da maƙwabtansa. Mafi daɗewa a cikinsu na shekara ta 572 ne. Ba addu'o'i ba ne, takardun yau da kullum ne: hayar gona, bashin sha'ir da dabino, biyan haraji, yarjejeniyar aure, rabon gado. Ana iya bin wani iyali a cikinsu har zuriya huɗu ko fiye, suna noma a bakin magudanan ruwa, suna kuma raɗa wa 'ya'yansu sunaye masu ɗauke da sunan Allahnsu. Da sun ɗaure kaya sun zauna a bakin ƙofa suna ƙirga wata ashirin da huɗu, da yunwa da baƙin ciki sun gama da su, kuma da ranar komowa ta zo ba a sami mai komowa ba.

Ranar ta zo, amma ta hannun da ba wanda ya zata. A watan Oktoba na 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, kuma a shekarar da ta biyo ya ba Yahudawa izinin komawa su gina Haikalinsu. Littafin Ezra ya buɗe da cewa wannan ya faru ne don maganar da aka yi ta bakin Irmiya ta cika. Sairus ba Bayahude ba ne, ba daga zuriyar Dauda yake ba, kuma littafin Ishaya, wanda ya ba shi laƙabin shafaffe, wato laƙabin da aka keɓe wa sarakunan Isra'ila da firistocinsu, shi ne kuma ya ce mutumin bai san Allahn da ya kira shi ba. Shi kansa Sairus ya bar nasa bayanin a kan wani mulmulallen yumɓu da aka tono a Babila a 1879. A ciki Marduk, gunkin Babila, ya ce ya zaɓe shi, ya kuma yi alfaharin mayar da gumaka ɗakunansu da mutane garuruwansu. Bai ambaci Urushalima ba ko sau ɗaya. A wurinsa dabarar mulki ce, don talakan da aka bar shi da abin bautarsa ya fi saurin biyan haraji. A wurin marubucin Ezra kuwa cikar alkawari ce. Littafin bai ga karo tsakanin biyun ba.

A nan zan ɗan ratse. Wannan labari na Sairus ya zama abin hawan 'yan siyasa da malaman fada. A watan Maris na 2018 Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu ya kwatanta Donald Trump da shi, kuma a nan gida ma ba a rasa mai wa'azin da zai ce ɗan takararsa shi ne Sairus na zamani, kada a dubi halinsa. Abin da aka manta shi ne cewa a Ezra, bayan abin ya faru ne aka waiwaya aka ce ga hannun Allah. Ba a tara mutane aka ce su yi wa Sairus kamfe ba.

To, saba'in ɗin fa, ta cika daidai? Ya danganta da inda ka fara ƙirga. Daga kwasar 597 zuwa izinin 538, shekara 59 ce. Daga 605, lokacin da Babila ta murƙushe Masar a Karkemish ta zama uwar ɗakin yankin, zuwa faɗuwarta, 66 ce. Daga ƙone Haikali a 586 zuwa kammala sabo a 516, saba'in cif. Masana sun daɗe suna wannan lissafi, kuma ni na fi karkata ga masu cewa saba'in a nan tsawon ran mutum guda ake nufi, wato duk wanda ya fita da wayonsa kada ya sa rai. Abin lura shi ne littafin da kansa bai rufe lissafin ba. A babi na 9 na Daniyel an nuna shi yana nazarin wannan adadi na Irmiya, yana addu'ar tuba, sai aka ba shi amsar cewa akwai wata saba'in ɗin da aka ninka sau bakwai. Ma'ana, an komo, amma abin da aka yi alkawari bai gama zuwa ba.

Waɗanda suka komo ma sun ji haka a jikinsu. Ezra ya ba da adadinsu 42,360, kuma da yawa sun yi zamansu a Babila inda suka riga suka kafu. Ranar da aka aza harsashin sabon Haikali aka busa ƙaho aka buga kuge, matasa suka ɗaga murya don murna, amma tsofaffin da suka ga ginin Sulemanu da idonsu tun suna yara suka fashe da kuka, har daga nesa ba a iya rarrabe guɗa da kuka. Ban san wani wuri a littafin da ya fi wannan faɗin gaskiya game da cikar alkawari ba. Abin da aka jira ya zo, ga shi ana taɓa shi da hannu, amma ya zo ƙarami. Daga nan aikin ya tsaya shekara da shekaru saboda adawar maƙwabta da talauci da sanyin jiki, sai a 520 Annabi Haggai ya tsawata musu cewa kowa ya gyara gidansa ya bar ɗakin Allah kango, suna fakewa da cewa lokaci bai yi ba. Da aka gama ginin, akwatin alkawari ba ya ciki, ba sarki a kan gadon Dauda, kuma haraji Farisa ake kai wa. Wajen shekara ta 445 Nehemiya ya tarar da ganuwar birnin har yanzu a rushe, kuma a addu'ar da aka yi a zamaninsa jama'a suka bayyana kansu a matsayin bayi a cikin ƙasar da aka ba kakanninsu.

Harshenmu ya taimaka mana a nan fiye da yadda muke zato. Kalmar da Sabon Alkawari ke amfani da ita a Helenanci, da takwararta ta Ibrananci, asalin ma'anarsu cika abu ne, kamar yadda ake cika tulu, kuma Bahaushe da kalma ɗaya yake cika tulu yake cika alkawari. Tulu kuwa ba ya cika da guga ɗaya. Ana iya cewa akwai ruwa a ciki, a sha a rayu, alhali bai kai baki ba. Da wannan ido marubutan littafin ke karanta alkawuransa. An kira Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya da ƙasa. Ishaku bai zo ba sai da ya kai 100, kuma iyakar abin da ya mallaka a ƙasar har ya rasu shi ne filin kabari da ya saya shekel 400 don ya binne Saratu. Wasiƙar Ibraniyawa ta jera shi da ire-irensa ta ce sun mutu suna hango abin daga nesa, kuma ba ta ɗauki hakan a matsayin saɓa alkawari ba.

Haka Matiyu yake yi da rayuwar Yesu Almasihu, wanda 'yan'uwa Musulmi suka sani da Annabi Isa. Sau goma ko fiye yakan tsaya ya ce wannan ya faru ne don abin da annabi ya faɗa ya cika. Amma idan ka koma ga wasu ayoyin, za ka tarar ba duba ba ne na abin da zai faru. Misali, da aka komo da yaron daga Masar, Matiyu ya jingina abin ga wata magana ta Annabi Yusha'u, alhali shi Yusha'u labarin baya yake bayarwa, na fitar Isra'ila daga hannun Fir'auna. Matiyu ya san haka sarai. Abin da yake cewa shi ne tsohuwar hanyar nan ce aka sāke bi, wannan karon har ƙarshenta. Yahudawa ba su yarda da wannan karatu ba, Musulmi suna da nasu bayanin, kuma mu Kirista da muka yarda da shi muna cewa har yanzu da sauran jira.

Mai hankali zai iya cewa: ashe wannan ba ƙofar gudu ba ce? Idan alkawari zai iya jinkiri, ya zo ƙarami, ya zo ta wani hannu, ya kuma bar saura, to wane alkawari ne ba za a ce ya cika ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma masu jerin daren 31 ga Disamba ta nan suke sulalewa. Idan abin bai faru ba sai a ce ya faru a ruhaniya, ko addu'a ce ta kawar da shi, ko bangaskiyarka ce ta yi rauni. Za su ma iya kawo Yunusa, wanda ya yanka wa Nineba kwana arba'in ba ta halaka ba. Sai dai a can dalilin a fili yake, mutanen sun tuba, kuma Irmiya da kansa ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a babi na 18, cewa gargaɗi da albishir duk suna tafiya da halin waɗanda aka yi wa. Wannan sharaɗi tun farko aka faɗe shi, ba bayan an sha kunya aka ƙirƙiro shi ba. Attaura kuma ta ajiye ma'auni mai kaifi a Maimaitawar Shari'a babi na 18: wanda ya faɗi abu da sunan Allah bai faru ba, daga kansa ya faɗa, kada a ji tsoronsa. Faɗin nan da littafin ya ba alkawarin Allah bai ba wanda ya yanka rana da bakinsa ba. Hananiya ya ce shekara biyu, da shekara biyu aka auna shi.

Tarihi bai rasa magadansa ba. A Amurka, mabiyan wani manomi mai wa'azi, William Miller, sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu bisa lissafin da aka ciro daga Daniyel, har wasu suka bar amfanin gona ba su girbe ba. Harold Camping, mai gidan rediyo a Kalifoniya, ya tsayar da 21 ga Mayu 2011, aka cika tituna da allunan talla da kuɗin da mabiya suka tara don tsufansu. Da ranar ta wuce ya matsar da ita zuwa Oktoba. Shi dai daga baya ya fito ya ce ya yi kuskure, abin da ban cika jin irinsa a nan ba.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce kunyar mai wa'azi. Ɗalibin da aka ce masa an riga an rubuta nasararsa a sama yakan sassauta karatu. Mai ciwon suga da aka yanka wa ranar warkewa yakan ajiye magani. Wanda kuma ranar ta wuce shi hannu wofi, sau da yawa ba malamin yake zargi ba, Allah yake zargi ko kansa. Ina kuma tuna mutanen Gwoza da aka kora daga gidajensu a watan Agusta na 2014, waɗanda wasunsu har yau suna sansanin Minawao a Kamaru, wasu a bukkoki a gefen Abuja, da yaran da aka haifa a can waɗanda ba su taɓa ganin duwatsun da iyayensu ke ba su labari ba. Mai wa'azin da ya tsaya a gabansu zai fi samun tafi idan ya ce bana za a koma. Wanda ya ce a sa yaran nan makaranta a inda ake, a koyi sana'a, a riƙe takardun gona da harshen gida, a ci gaba da neman haƙƙin komawa, ba zai burge kowa ba a ranar. Kada kuma wata hukuma ta ɗauki wasiƙar Irmiya ta ce wa 'yan gudun hijira su yi haƙuri shekara saba'in; shi da waɗanda abin ya shafa yake magana, kuma ba wanda ya kai shi caccakar sarakunan da sakacinsu ya jawo musibar.

Saura sarkin nan da Hananiya ya ce zai dawo cikin shekara biyu. A cikin allunan da Jamusawa suka tono a fadar Babila, waɗanda aka wallafa a 1939 kuma suke Balin a yau, akwai lissafin man da ake auna wa fursunonin sarki, kuma sunan Yehoyakin sarkin Yahuza yana ciki tare da 'ya'yansa biyar. Sai a shekara ta 37 ta tsaronsa magajin Nebukadnezzar ya fito da shi daga kurkuku, ya sauya masa tufafi, ya ba shi wurin zama a teburinsa. Ya shiga yana ɗan 18, ya fito yana da kimanin 55, kuma a Babila ya mutu. Wanda ya aza harsashin Haikalin nan da tsofaffi suka yi wa kuka, sunansa Zarubabel, gwamna ne a ƙarƙashin Farisa, ba sarki ba, kuma ma'anar sunansa ita ce irin Babila. Jikan Yehoyakin ne.